Sadiya Mai Taliya da 'Yar Farinta

Duk wanda hanya ta biyo da shi ta lungun masu faci a Unguwar Gano tsakanin azahar da la'asar, zai ji hayaniya tana tashi daga wani gidan haya, har ya ɗauka ko suna ake yi ko rabon gado. Ba ko ɗaya. Yara ne suke karatu a soro, wadda ta tara su kuwa ita ce Sadiya mai taliya, wadda manya suke kira Maman Faruk, yara kuma su ce mata Anti.

Kada wani ya zaci wata babbar malama ce mai jaka da tabarau. Gajeriyar mace ce, kullum hannunta da fulawa, mayafinta ma idan aka kaɗe shi sai a samu ta yin fanke. Ba wanda ya ɗauke ta aikin nan, ba kuma wanda yake biyanta. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Sumaila, ta yi sakandare har ta gama, abin da a garinsu ya isa a riƙa nuna mace da baki idan ta wuce. Niyyarta ta tafi kwalejin malamai. Sai ga Zakariyya ya ɓullo da wankakkiyar shadda da daɗin baki, ita kuma ta duba ta ga ya yi mata. Ba wanda ya matsa mata, da ƙafarta ta bi shi, ta bar maganar kwaleji sai wata rana. Wata ranar nan har yau ba ta iso ba.

Da ya samu tuƙin adaidaita sahu a hannun wani mai shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ya kwaso ta da goyo a baya suka kama ɗaki a gidan Inna Uwani, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gida da ciwon gwiwa. Sadiya ba ta iya zaman banza ba. Ta sayi injin taliya na hannu, ta riƙa kwaɓa fulawa da sassafe, ta murza, ta rataye a igiya a tsakar gida, masu dafa taliya da wake na bakin titi su aiko su saya.

To, gidan haya dai an san shi. Maza sun fita tun duku-duku, wani tuƙi, wani leburanci. Rabin matan suna aikatau a gidajen masu hali ko suna bakin kasuwa. Yara su taso daga boko da azahar, Islamiyya kuma sai bayan la'asar. A tsakanin nan ba mai su sai Allah. Su hau katanga, su bi bayan mota, su dawo da rauni a goshi a rasa wa za a tambaya. Ran nan suka buga wata ƙwallo ta tsumma, ta tsinke igiya, taliyar yini guda ta zube a kwata. Sadiya ta fito ta tare ƙofa, ta kama waɗanda ƙafarsu ba ta yi sauri ba. Kowa ya ɗauka jibga za su sha. Sai ta shimfiɗa tabarma ta ce kowa ya fito da littafinsa, wanda bai gama aikin da aka ba shi a makaranta ba ba zai tashi ba, ko da uwarsa za ta zo da ɗan sanda.

A nan ta ga abin da ya fi asarar taliya ciwo. Ƙattin yara 'yan aji huɗu da biyar, wani har muryarsa ta fara buɗewa, amma sunansa ya gagare shi rubutawa. Ta zauna da su har aka kira la'asar, ta manta da kwata da abin da ke cikinta. Washegari sai ga su sun dawo da kansu, har da gayyato abokai. Wani ƙarami ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya, da gaskensa, ko dole ne sai mutum ya zubar da taliya tukuna kafin a bar shi ya zauna.

Haka abin ya fara, ba kwamiti, ba taron buɗewa, ba ɗaukar hoto. Inna Uwani ta yi ta ƙorafin an hana ta barcin rana, sannan ita ce ta ba da soro, ta sa aka shafa wa bango baƙin fenti ya zama allo, ta kuma dasa kujerarta a bakin ƙofa wai don ta tsare takalma. Ƙarya take, karatun take saurare. Funmilayo mai shagon kayan masarufi a bakin lungun, Bayarabiya haihuwar Kano wadda kowa ke kira Mama Lekan, ta fara da aiko da alli, daga baya ta riƙa barin ɗanta a shago ta shigo ta koyar da Turanci. Wani ɗalibin kwaleji yakan leƙo ya yi musu lissafi idan ba shi da lacca. Amma ginshiƙin wurin Sadiya ce, kowa ya sani.

Abin da ya sa yara suke manne mata ba wani sirri ba ne. A makarantarsu aji ɗaya ya fi kasuwar ƙauye cika, malami ya faɗa su amsa baki ɗaya, wanda ya iya da wanda yake motsa leɓe kawai duk ɗaya ne. Ita kuwa ɗai-ɗai take bi. Ta kira yaro da sunansa, ta jawo shi har gwiwarsa ta taɓa tata, ta ɗora yatsa a kan kalma ta zuba masa ido. Idan ya kuskure ta ce a sake, ba zagi. Idan ya dace ta yi masa kirari kamar wanda ya kayar da ƙato a dambe, ta zuba masa soyayyen gutsuren taliya a tafin hannu. Ta san wanda ya zo bai ci komai ba, ta san wanda kunnensa ke ruwa, ta san wanda ubansa ya yi tafiya bai dawo ba. Iyaye matan da suka fara da cewa tana hana su 'yan aike, su ne suka koma suna rako 'ya'yan da kansu, har da masu tasowa daga Babban Giji.

Duk yaran unguwa ta gani, ban da guda ɗaya, wadda suke kwana ɗaki ɗaya da ita.

Safiya ce, goyon nan da aka taho da shi daga ƙauye, 'yar farin Sadiya. A garinsu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma Sadiya a nono ta sha ta, don ita ma 'yar fari ce, har ta yi aure ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Saboda haka a ɗakin nan Safiya ba ta da suna sai "ke", idan kuma da baƙi, "yarinyar nan". Shi ya sa ma ake kiran uwar da sunan ɗa na biyu. Wadda duk ta yi kuskuren cewa Maman Safiya, sai ta ga Sadiya ta zama kurma. Akwai maƙwabtan da suka yi shekaru suna ɗauka 'yar riƙo ce. Ita ma yarinyar Anti take ce mata, kamar kowa.

A soro wurin zamanta can baya ne, kusa da takalma. Ita ke miƙo alli, ita ke goge allo, ita ke karɓar jariri idan ya yi kuka. Idan ana bi ɗai-ɗai aka zo kanta, sai yatsan Sadiya ya tsallake ya sauka kan na gaba. Ina za ta jawo 'yar fari gwiwa da gwiwa a gaban 'ya'yan mutane? A ranta kuwa ta gama yanke hukunci: wanda yake kwana yake tashi cikin karatu, ai ko bango ne ya ci a ce ya iya. Ga shi idan ana karatun baki ɗaya muryar Safiya ta fi ta kowa fita. Da aka ce ta maimaita aji huɗu, sai aka ɗora wa zazzaɓin da ta sha a shekarar, aka wuce wurin.

Asiri ya tonu ranar da Sadiya ta kai jaririnta rigakafi, layi ya riƙe ta, Mama Lekan ta karɓi soron gaba ɗaya. Ita ba ta san wata tsallakewa ba. A wajensu ɗan fari abin ado ne, da sunansa ake kiran uwa ta amsa tana fari da ido. Da aka zo kan Safiya ta miƙa mata littafi. Yarinya ta zubo shafi guda tiryan-tiryan, ko numfashi ba ta tsaya yi ba. Sai dai Mama Lekan mai shago ce, ta saba kallon hannun mutum da idonsa lokaci guda, ta lura idon yarinyar ba ya tafiya tare da bakinta. Ta ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafi ta ce wannan fa? Shiru. Ta koma wata. Shiru. Ashe hadda ce. Duk abin da kunnenta ya ji ta riƙe, amma baƙaƙen da ke kan takardar ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba. Wani mai bakin tsiya a cikin yaran ya ce 'yar gidan Anti ba ta iya karatu ba, soro ya kwashe da dariya. Safiya ta ajiye littafin a hankali, ta shige ɗaki.

Washegari ta ce ba za ta makaranta ba, ranar da ta biyo ma haka. Zakariyya ya je ya ji ko wani ne ya dake ta. Malamin ajinsu ya ce ba wanda ya taɓa ta, amma tunda ya zo gara ya sani: yadda take ɗin nan, aji huɗun za ta sake zama, tare da sa'o'in ƙannenta.

Zakariyya mutumin kirki ne, amma irin mazan nan ne da suke son a gama magana kafin shayi ya huce. Ya dawo ya ce shi ya ga alama boko ba rabonta ba ne, ga tsohuwarsa can a ƙauye ba mai ɗebo mata ruwa, da ma ta daɗe tana roƙo a ba ta yarinyar. Idan aka yi hutun ƙarshen shekara zai kai ta. Makaranta akwai a can, in ji shi. Akwai kam, a hayin rafi, wadda damina ke rufewa sai kaka ta buɗe. Su duka biyun sun san wadda ta tafi ɗebo wa tsohuwa ruwa ta gama da aji.

Ta yaya Sadiya za ta buɗe baki ta yi jayayya da miji a kan 'yar fari? Ta koma kan kwaɓinta kamar da fulawar suka yi faɗa. A haka Mama Lekan ta same ta a tsakar gida, ko zama ba ta yi ba.

"Maman Faruk, ni fa ban gane ba. Kin koya wa ɗan mai faci, kin koya wa 'yar mai wankau, har ɗan mutumin nan da ya zage ki a kan kwata kin koya masa. Taki fa?"

"Mama Lekan, ba za ki gane ba. Mu a wajenmu da kunya."

"Kunyar wa? Ni ce zan yi miki dariya, ko Inna?"

"Ba a yi ne kawai."

"To, ba a yi. Sai ki shirya mata kaya."

Inna Uwani tana kan kujerarta tana jin su, tana goga goro a magogi tunda haƙoran sun yi ritaya. Sadiya ta juya wajenta neman agaji, a zatonta tsohuwa ai bayan al'ada za ta bi. Inna ta ce ita ma ta yi kunyar ɗan fari, ta yi ta har ta fi ta kowa, nata ɗan har ya yi gemu ba ta kama sunansa ba.

"Amma ke 'yar nan, da uwarki ta kawar da kai daga gare ki, wa ya ɗauke ki?"

Sadiya ta ce kakarta. A ɗakinta ta tashi, ita ta riƙa yi mata kitso, ita ta raka ta makaranta ranar farko, ita ta sayar da akuya da za ta shiga sakandare.

"To ita wannan wa kika kawo mata? Kin ƙunso kunyar a cikin kayanki, kin baro kakar a ƙauye. A can idan uwa ta kawar da kai, ga goggo, ga inna, ga kaka, rige-rigen ɗauka ake yi. A nan da kika kawar da kai, bango ta gani. Rabin al'ada kika taho da shi, kuma rabin da ya fi sauƙin ɗauka."

Maganar ta shige ta, amma sai ta fara neman hanyar zagaye. Ta roƙi Mama Lekan ta riƙa zama da yarinyar a shago. Safiya ta riƙa zuwa tana zama a kan buhun shinkafa kamar an dasa ta, a nuna mata baƙi ta kalli titi. Da aka matsa mata da tambaya sai ta ce, ba kuka ba fushi, ita Anti ai kowa tana koya masa, ita ce dai Antin ba ta so. Mama Lekan ba ta rage ko wasali ba, ta kawo wa Sadiya maganar yadda take, ta ƙara da cewa wannan ba aikin da ake ba da kwangilarsa ba ne.

Ranar Asabar da sassafe, gida bai gama tashi ba, Sadiya ta kafa inji a ƙofar ɗaki. Yarinyar tana tsugune tana wanke-wanke, ta ba ta baya. Sadiya ta buɗe baki, "ke" ta taho da gudu don ita ta san hanya, ta haɗiye ta. Ta sake buɗewa. Matar da take kiran sunayen yaran unguwa guda kullum ba gargada, yau ga ta tana zufa a kan suna ɗaya.

"Safiya."

Yarinyar ta waiga ta dubi ƙofar gida, ta ga ko wata mai sunan ce ta shigo.

"Da ke nake. Wanke hannunki ki zo nan."

Ta zo ta tsaya daga nesa, inda ta saba tsayawa. Sadiya ta jawo ta ta zaunar, ta tsinko ɗanyen silin taliya daga bakin inji, ta lanƙwasa shi a kan faranti ya zama baƙin farko na sunanta, ta ce ta yi irinsa. Littafi ya riga ya zama abokin gaba, shi ya sa ba ta ɗauko shi ba. Kafin rana ta hau katanga sun cika faranti da suna guda, a karkace, kamar tsutsotsi sun yi taro. Inna Uwani ta leƙo ta taga ta gani, ta saki labule, ta yi tarin da ba na mura ba.

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Safiya ta gaji taurin kan uwarta kaf. Yau ta karanta, gobe ta kafe ta ce ita ba ta gani. Sadiya da take da haƙurin duniya a kan 'ya'yan wasu, ta gano a kan tata ɗan kaɗan ne; ran nan har ta ɗaga muciya, sannan ta tuna ba ta taɓa ɗaga wa ɗan kowa ba, ta ajiye. Taliya ta riƙa makara, masu saye suna aiko da ƙorafi, ɗaya ma ta koma wajen wata. Labari kuma ya yi ƙafa. Wata 'yar garinsu da ke aure a Babban Giji ta zo saye ta ji da kunnenta, ba a jima ba goggon Sadiya ta bugo waya daga ƙauye tana salati, wai an ce birni ya cinye ta, tana kama sunan 'yar fari gatsal ko kawar da kai babu. Sadiya ta durƙusa da wayar a kunne kamar goggon tana ganinta, ta ce a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ta kashe wayar ta koma kan faranti.

Daga faranti suka koma gawayi a ƙasa, daga gawayi suka koma littafin da aka yi faɗa da shi. Kunnen nan da ya ɓoye ta shekara da shekaru shi ya dawo yana taimakonta, don da zarar ta haɗa baƙi da sautinsa, ba ya sake kuɓuce mata. Ta koma makaranta, amma soro ta ce ba za ta ƙara shiga ba, can ne aka yi mata dariya.

Wannan ya fi na tsakar gida wuya, don a tsakar gida daga su sai Inna da labulenta. Wata Alhamis, ranar da babu Islamiyya soro ya fi cika, har da wasu mata da suka rako yara suka tsaya hira, Sadiya ta shiga ɗaki ta kamo hannunta, ta ratsa da ita ta cikin yara, ta zaunar da ita a tsakiya, ta miƙa wa wani yaro allin da tsumman goge allo. Aka fara bi ɗai-ɗai. Da aka zo wurin, yatsan ya ɗan tsaya a sama. Matan nan suka bar hira suna jira su ga ƙarshen rashin kunya.

"Safiya, matso. Fara daga nan."

Ta fara, tana tafiya kamar mai tsallaka titi da tsakar rana, taka nan, tsaya can. Ta yi tuntuɓe a wata kalma. Mai bakin tsiyar nan ya shirya dariyarsa, ya haɗa ido da Inna Uwani, ya mayar da ita ciki. Sadiya ta ce a sake, da muryar da take faɗa wa kowa. Ta sake, ta wuce, ta kai inda aka nuna mata. Saura kirari. Duk soron ya san bayan karatu kirari ne, ya kuma san uwa ba ta yi wa 'yar fari. Sadiya ta sunkuyar da kai ta yi shi, gajere, murya ƙasa-ƙasa, kunnuwanta kamar su kama da wuta, amma ta yi, ta kuma zuba mata soyayyar taliya daidai da na kowa. Ɗaya daga cikin matan ta riƙe haɓa. Wata kuma, wadda nata ɗan farin yake zaune can baya kusa da takalma, ba ta riƙe komai ba, ta dai daɗe tana kallon wajen.

Da hutu ya matso malamin ajin ya gwada ta, ya ce karatun rarrafe yake amma karatu ne, za su bar ta ta wuce aji biyar su gani. Zakariyya ya ji, ya sosa ƙeya. Ya riga ya yi wa tsohuwarsa alkawari, har ta sa an gyara gado. Kuma shi, a cewarsa, an taɓa yi masa hadda an ce karatu ne, ba za a yi masa sau biyu ba. A nan ne Sadiya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu.

"Baban Faruk, ba za ta je ba."

"Wa?"

Ya san wa. So yake ya ji.

"Safiya. Ka gwada ta da abin da ba ta taɓa ji ba. Idan ta kasa, ni da kaina zan ɗaure mata kaya."

Ya ɗauki yarinyar a bayan adaidaita, ya hau titin Zoo da ita, ya ce duk allon shagon da ya nuna ta karanta. Ta sa shi tafiya kamar mai tura baro, motoci suna ta danna masa hon, har wani direban bas ya leƙo ya tambaye shi ko gawa ya ɗauko. Ta karanta na mai gyaran waya, ta karanta na mai katifa, na wani kanti mai dogon suna ya kayar da ita, ta ce ya koma baya. Ya koma. Fasinjoji suna ɗaga masa hannu yana wuce su, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da yake zazzaɓi.

Da suka dawo bai ce ta ci ba, bai ce ta faɗi ba. Ya nemi ruwa ya sha, ya ce gobe zai je ƙauye shi kaɗai, a ɗaure masa taliya mai yawa da sabulu, don maganar da zai kai wa tsohuwa ba a zuwa da ita hannu rabbana. Tsohuwa ta yi fushinta ta gama, aka daidaita a kan mai garuwa ya riƙa kai mata ruwa, jikar kuma ta riƙa zuwa mata hutu.

Ranar da aka koma makaranta Safiya ta riga kowa fita a gidan, ko koko ba ta tsaya sha ba, sai da aka tura Faruk ya bi ta da ƙosai a leda. Sadiya ta fito ƙofar gida, hannu duk fulawa, ta tsaya tana bin ta da ido har ta sha kwana. Da Mama Lekan ta ɗago daga shago suka haɗa ido, sai Sadiya ta ce ita fa mai gawayi take dubawa ko ya fito. Mama Lekan ta ce ai mai gawayi ta can yake ɓullowa, ta nuna mata ɗaya gefen lungun.